Baba Ya Ɗan Gaji

…to ai gajiya ba mutuwa ba ce. Kowa na gajiya. Ita kanta Sausan a gajiye take, ga ta kuwa da ranta, hannu biyu a kan sitiyari, tana hawan dutse a cikin motar da ba a ƙera ta don hawan komai ba. Dattijo ɗan shekara saba'in da takwas, in bai gaji ba wa zai gaji?

“Baba ya ɗan gaji. Ki taso yanzu, ki yi sauri.”

Iyakar abin da yayanta Talal ya faɗa ke nan a waya, ƙarfe tara da kwata, tana tsakiyar leƙa idon wata tsohuwa a asibitinta na Bairut. Ya kashe. Ko sallama babu. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake, ta sake… wayar na ta ringi a can ƙauye, a cikin wane ɗaki, a gefen wane gado, oho.

Ki yi sauri. A nan ta rataye ranta. Don ta san yaren nan, wallahi ta san shi kamar yunwar cikinta. A ƙauyensu ba a kiran mutum a waya a ce masa wane ya rasu — haba, a kashe shi shi ma a hanya? Cewa ake ya gaji. In aka ce ya gaji, yi sauri, to da sauran numfashi, ana ɗiga masa ruwa a leɓe da auduga. In kuwa aka ce ya gaji, taho a hankali… to an riga an ɗaure haɓa. Talal sauri ya ce. Sauri. Da kunnenta ta ji. Ko kuwa kunnen ne ya ba ta abin da take so?

Dusar ƙanƙara ta tare ta tun daga Alai, tsilli-tsilli, kamar da wasa. A Bahamdun wasa ya ƙare. Yanzu Sofar na bayanta, waifa na kaiwa da komowa, yana sharewa ana zubawa, yana sharewa ana zubawa. Rediyo kuma ya ƙi yin shiru: hanyar Dahrul Baidar a buɗe take ga motoci masu sarƙa a taya kaɗai, ana roƙon jama'a su zauna a gida in ba dole ba. In ba dole ba! Wa ya gaya wa yarinyar nan mai muryar zuma akwai mai fitowa yau don marmari? Ta murɗe shi ya mutu.

Sarƙa… ai tana da sarƙa. Ga ta can tana kacau-kacau a tayoyin gaba.

A gaba, Baba. E, na sani. Don Allah kada ka fara.

Ta durƙusa a bakin hanya a Sofar, farar rigar asibiti a ƙarƙashin kwat, gwiwa cikin laka mai sanyi, ta kwance buhun sukarin da ya shekara uku a but ba ta taɓa buɗe bakinsa ba. Sarƙar Baba ce, ta tsohuwar Marsandinsa ta haya, har yanzu tana warin gas da tsatsa. Ta ja ta a tayar baya, ta ja, ta ja har farcenta ya tsage — ina! Tayoyin bayan motar nan faɗi gare su kamar ganga, sarƙar ta ƙi haɗuwa. Na gaba ne suka fi siranta. Su ne suka karɓa, da ƙyar da siɗin goshi. Motar kuwa da baya take turawa. Ta sani. Tun tana 'yar shekara tara ta sani.

“Sarƙa a ƙafar da ke turawa, Talal! Wanda ya ɗaura ta a ƙafar da ake turawa, awarwaro ya sa wa motarsa.”

To awarwaron dai ya yi aikinsa. Ɗan sandan shingen Mudairij sai da ya sunkuya sosai kafin ya ga fuskarta, don motar ko ƙugunsa ba ta kai ba. Gashin bakinsa fari fat da dusa.

“Ranki ya daɗe, da wannan za ki haye? Wannan ai ta bakin teku ce.”

“Babana ne. Ya gaji.”

Ya dube ta, ya dubi sarƙar, ya kau da ido. Shi ma ɗan wani ƙauyen ne, yana jin yaren. “Allah ya sa ki tarar da alheri. Ke ce ta ƙarshe, bayanki rufewa za mu yi.” Ya janye ƙarfen ta wuce.

Ta ƙarshe. Ba kowa a gaba, ba kowa a baya. Sama fari, ƙasa fari, ba a gane inda kwalta ta ƙare rami ya fara sai da sandunan bakin hanya, su ma rabinsu a binne. Ta taɓa totur kaɗan — kaɗan fa, kamar mai taɓa maɗigar jariri — injin ya yi gurnani, bayan motar ya karkata hagu. Bi shi hagu. Bi shi, kada ki yi mata gardama…

Ba ita ake koya wa ba. Ba a taɓa koya mata ba. Talal ne a gaba kusa da direba, ɗan fari, magajin sitiyari. Ita tana baya, a matse tsakanin wata mata mai kwandon ƙwai da wani soja mai gyangyaɗi, jakar makaranta a cinya. Shtura zuwa Bairut, Bairut zuwa Shtura, fasinja biyar, shekara arba'in da ɗaya. Duk wanda ya taɓa haye dutsen nan da sanyi ya san Baba, Abu Talal. “Giya ta biyu, Talal. Ƙafarka nesa da birki, birki a kan ƙanƙara shi ne makashinka. In bayanta ya tafi hagu, bi shi hagu. Mota a kan ƙanƙara kamar uwarka take, ba a yi mata gardama, lallaɓa ta ake yi.” Fasinjoji su kwashe da dariya, mai ƙwai ta ce sai ta gaya wa Ummu Talal. Shi kuwa Talal yana kallon taga yana tsotsar alewa, ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba. Yau ma kantin taki gare shi, matarsa ce ke tuƙa shi. Ita ce ta haɗiye karatun kaf. Ita, ta baya.

Motar ta dawo kan hanya. Ta dawo. Ka gani, Baba? …Ba ka gani ba.

Dankali. Da sanyi ya shigo yake jefa buhun dankali biyu a but, don bayan mota ya yi nauyi ya kama ƙasa. Su zauna a can har sanyi ya wuce, su yi tsiro, Mama ta yi ta faɗa, wai an mayar mata da abinci gona. A ina za ta sa dankali a wannan? But ɗin da buhun sarƙa kaɗai ya cika shi. Ƙarfin doki ɗari huɗu, in ji mai sayarwa, yana shafa motar kamar 'yarsa zai aurar. Doki ɗari huɗu! Yau da za a karɓe su duka a ba ta jaki ɗaya, da ta gode.

Sha ɗaya da rabi. A ranar Allah tafiyar awa ɗaya da kwata ce har ƙofar gida. Allurar gudu na lilo a kan ashirin. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba — to ai daɗewar ce, daɗewar ce ba ta da ita. Numfashin tsoho nawa ne a cikin awa guda? Likita ce, tana iya lissafawa. Kada ki lissafa.

Wayar na kan ɗaya kujerar, fuska sama, baƙa ƙirin. Kira mana, Yaya. Ko zagi ne, kira… A'a. Kada ka kira. Muddin ba ka kira ba, maganar ƙarshe ita ce sauri.

Shekara tara ke nan. Ranar ita ce riƙe da waya, a bakin ƙofar kicin, Gwaggo Nazha ƙanwar Baba ta damƙe mata gwiwar hannu. Daga ɗakin ciki ana jin ƙarar ruwa a bokiti, mata na yi wa gawar Mama wanka. Talal yana Kuwait a lokacin, wurin aiki. “Ki ce ta gaji,” in ji Gwaggo. “Ki ce ya taho a hankali. Kada ki kuskura muryarki ta yi rawa.” Muryar kuwa ba ta yi rawa ba. Ta saba gaya wa mutane ba za su ƙara gani ba, wannan mene ne? “Mama ta ɗan gaji, Yaya. Ka taho a hankali. Babu gaggawa.” Shi kuma bawan Allah, shekara shida a waje sun mantar da shi yaren gida, ya ɗauka gajiyar ce ta gaske. Ya kwana biyu yana neman izini. Ya sauka da bargo mai laushi a leda, da injin awon jini sabo fil a kwalinsa. Ya shigo tsakar gida ya ga kujerun zaman makoki a jere, ya ga ana zagayawa da gahawa marar sukari. Bai yi kuka ba. Ya ajiye kwalin a gabanta ya ce, “Har da ke, Sausan?”

Yanzu ya iya yaren. Ita ce malamarsa. To wanne yake yi mata yau — gaskiya, ko al'ada, ko ramuwa? Ramuwar gayya ta fi gayya zafi… a'a, a'a. Talal ba haka yake ba. Talal da ke ɓuya a bayan gida in za a yanka rago? Amma abu ya shekara tara a cikin mutum, wa ya san me ya zama? In ya ce sauri ne don ta ɗanɗana, don ita ma ta taho da bargonta a leda tana zaton za ta tarar… Astagfirullah. Tana zargin ɗan'uwanta ranar da ubansu yake… yake me? Yake gajiya.

Wata babbar mota a gefen hanya, an gudu an bar ta, dusa ta cinye ta har rabi. Bayanta wata ƙarama, gilashi a rufe ruf. Su ma sun fito da dolensu, ga inda dolen ta ƙare. Kwanar hanya na zuwa. Ta san ta ko ba ta gan ta ba, nan ne Baba ke danna oda sau biyu ya ce bismillahi, wai don na sama da na ƙasa su san Abu Talal ne. Hannunta ya danna da kansa. Pim, pim. Wata siririyar ƙara ta 'yan birni, dusa ta haɗiye ta nan take. Ko tsuntsu bai tashi ba.

Ido ne. Duk abin nan ido ne ya jawo. Shekara uku da suka wuce Talal ya kawo Baba asibitinta, wai ya buge akuyar wani, wai ya hau dakalin masallaci da taya. Baba ya zauna a kujerar gwaji, hula a gwiwa, ya karanto haruffan allon daga sama har ƙasa, tiryan-tiryan, har layin da ita kanta sai ta ƙanƙance ido. Ya yi murmushi. Ashe tun a ɗakin jira ya sa Talal ya karanta masa irin allon da ke bango, ya haddace shi tsaf. Da ta yi shiru. Da ta ce madalla, Baba, idonka ya fi nawa. Sai ta tashi ta canza allon.

Babban harafin sama, wanda ya kai tafin hannu, Baba na kallonsa kamar mai kallon hayaƙi.

“Susu,” ya ce ƙasa-ƙasa, don ma'aikaciyar jinya na tsaye, “hanyar nan ko ido rufe na san ta.”

“Ai shi ne, Baba. Ido rufe kake bin ta.”

Wa ya aike ta? Gaskiya ce, to, gaskiya ce — rayuka biyar a bayansa kullum, ga kwana, ga rami, ko wane likita ne haka zai ce. Ko yau aka mayar da ita haka za ta ce. Za ta ce? …Amma wani likitan ba zai sa hannu a aljihun kwat ɗin Baba ya zaro makullin mota ba. A gaban baƙuwa. A gaban ɗansa. Mutumin da ya biya mata karatun idon nan da kujeru biyar na motarsa. Ranar ce ta ƙarshe da ya kira ta Susu, sunan da babu mai kiranta da shi a duniya sai shi. Tun daga nan Daktora, wato likita. Sannu da zuwa, Daktora. Ya Bairut, Daktora? An yi ruwa a wajenku, Daktora? Shekara uku suna gaisawa kamar maƙwabtan da suka taɓa yin shari'a.

Gilashin na yin gumi daga ciki. Ta ƙara hita. Ƙafarta ta hagu ta mutu da sanyi, lakar Sofar ta shige takalmin. Wani irin takalmi ma ta sa… na ofis, mai tsini kaɗan. Da Baba ya gani da ya ce me?

Kuma don me ta sayi abin nan? Faɗi gaskiya, Sausan, babu kowa a nan sai ke da Allah. Mace 'yar arba'in da huɗu, aure ya mutu, gida shiru, me za ki yi da motar tsere? Wata huɗu bayan an cire wa Marsandi jar lambar haya an rufe ta da tamfol a bayan gida, ta shiga shagon motoci ta nuna wadda ta fi kowace gudu. Ja. Kujera biyu. Ɗaya tata, ɗaya… A ranta ta gama tsara komai: ranar Sallah za ta buɗe masa ƙofa, ya zauna a gaba, su hau Dahrul Baidar, ya ce giya ta biyu, Susu, ita kuma ta nuna masa ta baya ce ta ji karatun. Ta zama idonsa. Tir. Wautar mai karatu ta fi ta kowa ciwo.

Ranar Sallar Baba ya fito da sanda, ya zagaya motar yana shafawa da tafin hannu, don idon ba ya ba shi komai sai ja-ja. Ya ƙwanƙwasa taya. Ya sunkuya ya auna tsakanin cikinta da ƙasa, yatsu huɗu.

“Kujera biyu? Ina fasinja za su zauna?”

“Ba ta haya ba ce, Baba. Zo mu zaga.”

“Wannan ba mota ba ce, Daktora, takalmin amarya ne. Daga ɗaki zuwa zaure.”

Maƙwabta suka yi dariya, ita ma ta yi, me za ta yi? Bai shiga ba. Kujerar nan ta dama har yau babu wanda ya taɓa zama a kanta sai jaka da waya. Da za ta tafi ya jawo buhun sukari daga bayan gida, yana nishi, ya jefa mata a but. “Riƙe. Ni yanzu ba ni da ƙafar da zan ɗaura wa.”

Baƙar magana. Haka ta ɗauka. Shekara uku ta ɗauka baƙar magana ce, shi ya sa ko igiyar bakin buhun ba ta taɓa ba. Sai yau, a Sofar, bayan ta gama ɗaurin, yatsu na jini, ta kakkaɓe buhun za ta naɗe — safar hannu ta faɗo daga ƙasansa. Ba tasa ba, tasa manya ne baƙaƙe masu warin mai. Ƙanana, na fata, sababbi, zaren shago bai ma tsinke ba. Daidai hannunta. Daidai, kamar an gwada. Mutumin da ba ya ganin harafi kamar tafin hannu ya je kasuwar Shtura ya… da me ya auna? Yaushe rabon da ya riƙe hannun nan?

Shekara uku suna but ɗinta. Ta kai su bakin teku, ta kai su biki, ta kai su wurin wanki, ta dawo da su ƙofar gidansa sau nawa, ta ce ina wuni Baba, ya ce sannu Daktora, yana jira ta ce na gani. Yana jira. Ita kuma tana jira ya fara. Da na sani ƙeya ce, wallahi, ƙeya ce…

In ta tarar da shi ba za ta yi dogon bayani ba. Ba za ta ce ka yafe mini ba, ba ya son irin wannan, cewa zai yi an fara fim. Hannunta kawai za ta sa a cikin nasa, da safar. Zai shafa. Zai gane fatar. Shi ke nan fa abin da take nema, ya Allah, minti ɗaya, rabin minti, yatsunsa su bi ta kan ɗinkin… Wannan ya yi yawa? Ta roƙi abin da ya fi wannan a rayuwarta an ba ta. Ta roƙi asibiti an ba ta. Ta roƙi motar nan ma an ba ta.

Saura lanƙwasa biyu a kai ƙoli. Daga can gangara ce, Shtura, sai hanyar gonakin inabi, sai gida. Me ya sa hanyar ke rawa? Ba hanyar ba ce, ido ne, ya cika taf. Likitar ido ba ta gani. Ta ɗauke hannu ɗaya ta goge da bayan safar — ɗaya kawai, daƙiƙa ɗaya — bayan motar ya tafi dama.

Bi shi dama. Kai ya sani. Hannu ya sani. Ƙafa ce ba ta sani ba, ƙafar da ba ta taɓa zama a gaba ba. Ta taka birki.

Ba ƙara, ba komai. Duniya ce kawai ta juya, a natse, kamar ana juya faranti a kan tebur: sanda, fari, dutse, fari, sanda… innalillahi… wani taushi ya karɓe ta ta gefe, buf. Injin ya mutu. Waifa na ci gaba da aikinsa kamar babu abin da ya faru.

Ba rami ba ne. Tudun dusa ne na gefen dutse. Ba ta ji ciwo ba, ko ƙwarzane. Sai dai hancin motar yanzu Bairut yake kallo.

Ta tayar. Ya tashi, da gurnaninsa na banza. Giyar baya — tayoyin na juyawa, wiii, suna haƙa wa kansu rami. Gaba — wiii. Baya. Warin roba. Ta buɗe ƙofa, ƙofar ta ƙi, dusa ta danne ta har gilashi. Ta ɗaya gefen ta fita da rarrafe, iska ta mare ta. Cikin motar ya hau kan dusa ya zauna daram, yatsu huɗun nan na Baba sun cike. Ta haƙa da hannu. Ta haƙa, ta haƙa, safar ta jiƙe ta yi baƙi, abin da ta kwashe, sama ta mayar da ninki biyu. Ta tura da kafaɗa, ita kaɗai, da takalmin ofis. Ga sarƙar can a gaba, tsaf-tsaf, ko gezau. Awarwaro.

A ƙafa fa? Kilomita nawa zuwa Shtura — goma sha biyu? Sha biyar? Ta yi taku goma, dusa har gwiwa, ta juya ba ta ga motar ba. Ja ce fa, ja zur, taku goma. Da laluben sawunta ta koma. Katafilar share hanya za ta zo, dole ta zo, in iska ta lafa. Yaushe iska ke lafawa a Dahrul Baidar? Baba ya taɓa kwana biyu a nan da fasinja biyar, suka cinye ƙwan matar nan ɗanye…

Wayar na haske a kan kujera.

Talal.

Kada ki ɗauka. In ba ki ɗauka ba… Yatsan ya riga ya ɗauka.

“Kina ina?”

“Dahrul Baidar. Saura kaɗan, Yaya, wallahi saura kaɗan. Yana… ya jikin nasa?”

A bayansa akwai wata ƙara, ƙiii, ƙiii, ana jan wani abu a kan siminti. Kujeru? Ko gadon ake matsarwa kusa da murhu? Kujeru ba sa ƙara haka. Suna yi. Ba sa yi.

“Da wace motar kika taho?”

“Da tawa.”

“Ya Salam.” Ya ja numfashi. “Ya ce a gaya miki… ya ce a gaya wa Susu, giya ta biyu. Ta ɗauke ƙafa daga birki. Ta taho a hankali.”

Susu.

A hankali.

“Yaushe ya ce?”

Ƙiii.

“Yaya. Yaushe ya ce? Yanzu? Ɗazu? Ba shi wayar. Sa masa a kunne, ko numfashinsa ne in ji. Ka ce masa na buɗe buhun, ka ce masa suna hannuna, Yaya, ka ce —”

“Sausan. Ki taho a hankali. Babu gaggawa.”

Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ko kaɗan. Ya kashe.

To ai Baba ne. Wa zai ce giya ta biyu in ba Baba ba? Duk rayuwarsa a hankali yake cewa, in yana da rai a minti ɗin nan, in ya ji 'yarsa na kan dutse cikin takalmin amarya, me zai ce in ba wannan ba? Ya farka ya tambaya ne, aka ce tana hanya, ya ce a gaya wa Susu… Talal bai iya ƙirƙira ba, Talal ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba, yana tsotsar alewa, yana kallon taga… Ko ta shige shi? Shekara nawa yana gaba? Kuma ya ce. Ya ce — yau, jiya, bara, shekara talatin da biyar da suka wuce a kwanar nan, duk ya ce ne.

Babu gaggawa. Wannan ba ta Baba ba ce. Baba bai taɓa cewa haka ba.

Wannan tata ce.

Ta sa giya ta biyu. Ta ɗauke ƙafa daga birki, nesa, kamar yadda aka ce. Ta taɓa totur a hankali, a hankali, tana lallaɓawa, ba ta yi gardama ba, ka gani Baba, ban yi gardama ba… Tayoyin baya na juyawa a raminsu. Motar ba ta motsa ba.

Waifa ya kai, ya komo, ya kai, ya tsaya a tsakiya, dusa ta fi ƙarfinsa. Gilashin na rufewa daga ƙasa zuwa sama. Za ta iya sake kira. Za ta iya kiran Gwaggo Nazha — ita ma me za ta ce? Ya gaji, 'yata. Duk ƙauyen babu mai gaya mata, sai ta shiga tsakar gida da ƙafarta ta ga ko akwai kujeru.

Ta jingina goshi a sitiyari, ta sa tafukan a kumatu. Fatar a jiƙe, tana warin tsatsa da buhun sukari. Ba kuka take ba. Ta ɗan gaji ne.